Haruffa Masu Jan Ɗankwali

Ya ɗaga rigar matashin kai sama, ya juya ta gaba ya juya ta baya, sai ya zauna a bakin gado ya kama dariya har yana riƙe ciki. Jikana ke nan, ɗan babban ɗana, wanda ya tafi ƙasar waje karatu ya dawo mana hutu bara da gemu kamar na bunsuru. Ko ruwan da na kawo masa bai sha ba. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar ɗaki da kofi a hannu ina jiran a ce an gode, don na daɗe ina ɗinkin nan saboda shi.

"Maigida," na ce, "in dariya ka je koyo can, da ka zauna nan Wuro Hausa mun koya maka a arha."

Maigida nake ce masa tun yana cikin tsumma, shi kuma ya ce mini amarya, irin wasan kaka da jika. Abin da na ɗinka masa ba wani abu ba ne, barka da dawowa na rubuta da baƙin zare, manya-manya. Kowane harafi na bi samansa da jan zare, na bi ƙasansa da shuɗi, siriri, tsaf. Ya share hawaye ya ce ɗinki ya yi kyau, amma wa ya ba ni wannan adon? Na ce masa wane ado, ai haka rubutu yake, duk wanda ya yi karatu ya san harafi da jan ɗankwali yake zuwa da shuɗin takalmi, in ban da shi da aka ɓata wa jirgi a banza.

Sai dariyar ta tsaya. Ya dube ni ya dubi matashin, ya ce in ɗauko masa gilashin da nake karatu da shi.

To bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san gilashin nan ba ba zai gane rigimar ba. Ni ban yi boko ina yarinya ba. Allo na yi, shi ma da ka na ɗauke abin sallah, ban iya baƙi ba. Na tsufa ina ɗinkin hannu, zanen gado, rigar matashi, hular jarirai, kuma ban taɓa neman gilashi ba, don allura yatsa ke ganinta. Shekarar da aka tarwatsa mutanen Mubi da na gaba da Mubi, suka yi ta tsallako gadar Jimeta wasu a mota wasu da ƙafa, kowane gida a unguwarmu ya samu rabonsa na baƙi. Nawa rabon wata tsohuwar malamar firamare ce, Kirista, doguwa mai faɗin fuska. Ta iso da zanen jikinta da leda ɗaya da gilashi rataye a wuya. Na buɗe mata ɗakin marigayi mijina.

Malamar makaranta ba ɗalibi kamar kaza ce da aka kwashe wa 'yan tsaki. Da ta huce gajiya ta daina firgita in an buga ƙofa, sai ta fara waige-waige a tsakar gida. Yaran duk suna zuwa makaranta, surukata ma'aikaciyar ofis ce. Ta duba ta duba ba ta ga jahili ba sai ni. Na ce mata ni na wuce wannan. Ta ce wanda ya wuce an yi masa sallah an kai shi, ni kuma ga ni zaune ina cin gyaɗa.

Ranar farko ta buɗe mini littafin 'yan aji ɗaya, na ga wasu baƙaƙen abubuwa kamar tururuwar da ta faɗa kunu. Ta cire gilashinta ta maƙala mini. Mai kauri ne kamar gindin kwalba, kuma an yi shi ne don fuskarta, ni tawa fuskar 'yar mitsitsiya ce, sai ya zamo ya tsaya a kan ƙarshen hancina. Muka ɗaure shi da zare ta ƙeya. Duk da haka ta can saman gilashin nake leƙawa, kamar mai leƙen maƙwabta ta katanga. Amma fa na gani. Tururuwar nan ta miƙe ta zama haruffa, kowanne da jan abu a ka da shuɗi a ƙafa, sun jeru kamar 'yan mata za su gidan biki. Ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Haka muka yi ta yi, ta sa ta karanta, ta cire ta ba ni in maimaita, gilashi ɗaya tsofaffi biyu.

Sau ɗaya na taɓa tambayarta, na ce Malama wannan ja da shuɗin fa? Ashe ita layukan littafin koyon rubutu ta ɗauka nake nufi, irin mai jan layi da shuɗin layi. Ta ce su ne ke tsare harafi kada ya tafi yawo. Na riƙe wannan magana gam. Da na fara rubutu da fensir ma, in na duba ta gilashin sai in ga nawa haruffan sun fito da adonsu, na ce ashe rubutu in ya yi daidai da kansa yake ɗaura ɗankwali. Na allunan shaguna da nake gani a hanya ba gilashi, su ba su da komai, na ce wannan rubutun kasuwa ne, ba a gama shi ba. Rubutun ɗinki ma da na ga bai fito da nasa ba, na sa masa da zare. Matan unguwar Makama har yayinsa suka yi, ba wadda ta tambaye ni dalili.

Da hanya ta buɗe Malama ta koma garinsu, ta bar mini gilashin. Ta ce ita ta gama karatunta, abin da ya rage mata ta gani a can manya ne, rusasshen gida ba ya buƙatar gilashi. Ba ta jima sosai ba ta rasu, ciwon tsufa. Tun daga nan ban taɓa karanta ko harafi ɗaya na littafi ba sai da gilashinta a hancina.

Shi ne na ɗauko wa maigidan, amma ban saki zaren ba. Ya leƙa ta tsakiya ya dubi littafina, ya leƙa ta sama, ya yi wata ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya ce amarya, kin san abin da na tsallaka teku nake yaƙi da shi? Ga shi nan kin ɗinka mini a matashi.

Ya fara zuba Turanci. Na ce ya tsaya, nan gidan ba a biyan kuɗin makaranta, ya yi Hausa ko ya yi shiru. Ya sosa gemu ya sake ɗaukowa. Ya ce farin hasken nan da muke gani ba abu ɗaya ba ne, taron launuka ne suke tafiya tare, su ne muke gani a bakan gizo in sun watse. In suka shiga gilashi, aikin gilashi ya karkata su su haɗu wuri ɗaya a cikin ido. To ba sa karkata daidai. Shuɗi mai saurin juyawa ne, ja kuma mai taurin kai, sai ya wuce gaba kaɗan kafin ya juya. A tsakiyar gilashi abin ba ya nunawa sosai, amma a gefe, inda ni nake leƙe, rabuwar tana fitowa fili. Shi ne ɗankwalin, shi ne takalmin. A takarda babu su.

Na ce wato kamar matan unguwarmu in an ɗauki keke ɗaya za a je suna, wannan ta ce a sauke ta bakin masallaci, waccan ta ce sai gaba da famfo. Ya ce haka. Na ce to ai ba sai an je ƙasar waje ba.

Ya buɗe jakarsa ya fito da wani ɗan akwatin roba, a ciki da ɗan ɓallin gilashi shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba kwari, siriri kamar ɓawon albasa. Ya ce in dubi tsakiya. Na duba da ƙyar na ga wani ɗigo da bai kai ƙwayar riɗi ba. Ya ce wannan ɗigon shi ne aikinsa. Na ce shekarun nan duka? Ya ce shekarun nan duka. Na ce Allah ya sa kiyashi su saya, don su kaɗai zai yi wa daidai.

Bai ji haushi ba, ya saba da bakina. Ya nuna mini hoton ɗigon a wayarsa, an ƙara masa girma. Sai na ga kamar gonar dawa a Mbamoi bayan an yanke kai, kututture a tsaitsaye, wani mai kauri wani siriri, wani zagayayye wani mai kusurwa, ba iyaka. Ya ce kowane ɗaya gashin kaina ya fi shi kauri nesa ba kusa ba. Su ne ke karkata haske a madadin tudun gilashi, don a samu abin ɗaukar hoto marar nauyi, wanda zai shiga waya ko ya bi siririn bututu likita ya leƙa cikin mutum. Na ce to madalla, an huta da ɗankwali. Ya ce ina, a shimfiɗaɗɗen ma abin ya fi muni, sai dai a can ja ne ke rigan juyawa, shuɗi ya wuce. In ka haska masa launi ɗaya, lafiya lau. In ka ce ya ɗauki hoton duniya yadda take da launukanta duka, sai kowa ya kama gabansa, hoto ya dagule.

Na tambaye shi to su me suke yi a kai, ko dai hoton kututture kawai suke ɗauka? Ya ce suna sassaƙa kututturen ne kowanne da siffarsa, yadda zai riƙe wannan launi ya ɗan jinkirta shi, ya saki wancan, har duka su iso wuri ɗaya lokaci ɗaya. Kuma hasken da ya bi ta gefe hanyarsa ta fi tsawo, wanda ya bi ta tsakiya tasa gajera ce, don haka dole a tsare na tsakiya ya jira na gefe.

Wannan kam na gane shi. In za a kai gara ana so a shiga gidan tare a ga yawa, ta Mbamoi tana hanya, ta Makama tana neman mayafi, maƙwabciya kuma ta riga ta iso da kwanonta a ka tana cewa a tafi. Ba abin da za ki yi sai ki zaunar da ita ki jawo mata hira har na nesa su ƙaraso. Na faɗa masa. Ya ce wallahi shi ke nan, amma matsalar ita ce kututturen nasu ba sa iya riƙe haske ya daɗe, ɗan jinkirin da suke iyawa kaɗan ne. In gilashin ya yi faɗi, na gefe ya yi nisa da yawa, kafin ya iso na tsakiya ya kuɓuce. Shi ya sa nasa bai wuce ƙwayar riɗi ba.

"Hirarsu ce gajera," na ce. "Ka dasa ni a tsakiyar. Ni ina tsare mace tun hantsi har la'asar ba ta san ta zauna ba."

Ya yi dariya har ya kwanta a kan matashin. Da ya tashi sai ya ɓata wasan. Ya ce gobe zai kai ni asibitin ido a Jimeta a auna ni a yi mini nawa gilashin, wannan ba nawa ba ne, shi ke sa mini ciwon kan da nake ta shan magani a kai. Na fizge abina na cusa a lalitata na ce ba inda za ni.

Kwana da kwanaki muna wannan. Ya aiko ubansa, na kore shi. Ya aiko surukata, na ce ta je ta duba tukunyarta. Shi da kansa in ya zo gaishe ni da safe sai ya ce ina kwana amarya, ya 'yan matan naki, sun ɗaura ɗankwali? In ce sun ɗaura, sun fi ka kyan gani. Kowa a gidan ya ɗauka don gilashin na Malama ne nake ƙi, abin tunawa. Akwai wannan. Amma ba shi ne babba ba, kuma sai da muka rage mu biyu a inuwar mangwaro ina tsinke zogale na faɗa masa.

"Ni a cikin gilashin nan na san su. Da kayansu na san su. In ka tuɓe musu kaya na duba ban gane kowa ba fa? Malama ba ta nan balle ta sake koya mini. In koma tsohuwar da ake karanta wa takardar magani?"

Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ɗauki reshen zogale ya taya ni tsinkewa, yana yi yana ɓata rabi. Can ya ce in tafi da gilashin Malama a lalitata, ba wanda zai karɓa. In sabon bai yi ba, in mayar da tsohon, shi kuma ya yi alkawari ba zai sake magana ba har ya koma. Na ce har da zancen 'yan matan? Ya ce wannan kam ba zai iya alkawari ba.

Muka ɗauki keke da hantsi. Na saka littafin da Malama ta bar mini a jaka, na labarai ne na 'yan makaranta, bangonsa ya mutu na ɗinke shi da zare. Duk hanyar Yola zuwa Jimeta ina karanta allunan shaguna da ƙarfi, mai walda, mai gyaran waya, mai sayar da katifa, don in ji ko karatun yana nan. Maigidan ya ce ai ga shi ina karanta tsirara ba gilashi. Na ce waɗannan ƙattai ne, ko makaho ya laluba ya gane su, ni ƙananan nake ji.

Asibitin cike da mutane a kan benci. Da layi ya zo kanmu, wata yarinya Bafulatana mai farar riga ta zaunar da ni a kujera, ta dubi furfurata ta dubi lallen ƙafata, ta kunna wani allo mai abu ɗaya kamar cokali mai yatsu, wani ya kalli sama wani ya kalli gefe. Da Hausarta ta Yola da ba ta raba mace da namiji ta ce, "Dada, ka nuna mini da hannu inda ƙafafun ya kalla."

Na ce wannan na waɗanda ba su yi karatu ba ne, ta kawo mini na mutane. Maigidan ya juya ya kalli bango, kafaɗunsa na rawa. Yarinyar ta ba ni haƙuri ta canza. Ta ɗora mini wani ƙarfe mai nauyi a hanci ta yi ta zura gilasai tana cirewa, wannan ko wannan, wannan ko wancan, har na ce ta tsaya a ɗaya kafin in manta na farkon. Da aka gama na nesa ta ce saura na karatu. Ta gyara ƙarfen ya zauna daidai tsakiyar idona, ba a kan hanci ba, ta miƙo mini wani kati na Turanci. Na ture shi na zaro littafina.

Na buɗe shafin da na fi sani. Sai ga haruffan.

Baƙi ƙirin, sirara, a tsaye kan farar takarda kamar kajin da aka fige. Ba ɗankwali ba takalmi. Sun fito tar, har na ga inda tawada ta ɗan zube a jikin wani, abin da ban taɓa gani ba, amma ba na ganin kowa da na sani. Na duba layin farko na duba na biyu. Hannuna ya tafi lalita da kansa ya damƙi gilashin Malama. Yarinyar ta ce ko bai yi ba ne a canza? Na ji maigidan ya matso ya tsuguna kusa da kujerar, gwiwarsa ta yi ƙara.

"Amarya," ya ce a hankali, "mutanenki ne. Wanka suka fito."

Na ce ya rufe mini baki. Na saki lalitar na ɗora yatsa ƙarƙashin harafin farko yadda Malama take kama yatsana ta ɗora, ta ce kada ki dubi taro, dubi mutum ɗaya. Na dubi mutum ɗaya. Mai ƙafa biyu ne da ɗamara a tsakiya. Na san shi. Na matsa yatsa, na gaba mai ciki ne a gaba kamar ɗan kasuwa, shi ma na san shi. Na haɗa su suka yi magana. Na matsa, na matsa, kalma ta fito, ta biyu ta biyo ta, kafin in kai ƙarshen layi yatsan ya fara gudu ina binsa. Na ɗaga murya. Ban taɓa karatu da sauri haka ba, ashe rabin wahalar da nake sha ta ture ado ce in ga fuska.

Maigidan ya miƙe yana kaɗe gwiwa, ya ce to shi ke nan, yanzu a ba shi tsohon gilashin ya tafi da shi ya nuna wa abokan aikinsa abokin gabarsu. Ban ɗaga kai ba na ce ya ɗauki matashinsa ya nuna musu, gilashi kuwa sai bayan raina, shi ma in ya yi hankali.

Yarinyar ta leƙa ƙofa ta ga benci ya cika har wasu na tsaye. Ta dawo ta kama ƙarfen za ta cire.

"Dada, ya isa haka, ya yi kyau."

"Labarin bai ƙare ba," na ce. Na buge mata hannu, na lashi yatsa na juya shafi.